Iyaye da Makarantar Firamare a Ƙasashen Gusau, Tsafe da Bunguɗu: Waiwaye Adon Tafiya

Gabatarwa

  

Duk lokacin da aka tashi ba da tarihin ilimin boko a ƙasarmu, akan lissafo Turawan da suka kawo shi, da sarakunan da suka karɓe shi, da gwamnatocin da suka gina azuzuwa. Waɗanda ake mantawa da su kuwa su ne waɗanda makaranta ba ta yiwuwa sai da su, wato uban da ya ɗauke ɗansa daga gona ya miƙa wa malam, da uwar da ta tashi tun asuba ta dama masa kunu. Su nake so mu bi sawunsu a wannan ɗan rubutu. Abin da na fahimta cikin shekara 35 da na yi ina riƙe da alli shi ne, iyayen ƙasar nan masu awo ne. Duk lokacin da makaranta ta maido musu da yaro ya iya karatu, bai kuma zubar da addininsa da ladabinsa ba, sun rungume ta. Duk lokacin da ta kasa, sun janye jiki ba tare da hayaniya ba.

Kafin Zuwan Boko

Ya kamata mai karatu ya tuna cewa Bature bai tarar da ƙasar nan cikin duhu ba. 'Yandoto ta ƙasar Tsafe ta yi suna a matsayin garin malamai tun kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, har ana yo takakka daga nesa domin ɗaukar karatu a can. Gusau kuwa malami ne ya kafa ta, wato Malam Sambo Ɗan Ashafa. Ta ɓangaren mata, Nana Asma'u 'yar Shehu ta shimfiɗa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji ke ɗaukar karatu su kai wa 'yan uwansu mata a ƙauyuka.

Saboda haka magidanci a Bunguɗu ko Kwatarkwashi ko Wanke ya san darajar allo da tawada. Ya san malamin da ya danƙa wa ɗansa, ya san gidansu da asalinsu. Shi ke aika masa kuɗin Laraba, shi ke kai masa damin hatsi da kaka, ranar sauka kuma a yi walima gari duka ya shaida abin da yaro ya samu. Makarantar allo ta iyaye ce, su ke ɗauke da ita, su ke ganin amfaninta da idonsu. Da wannan mudun ne suka auna boko da ta iso.

Zamanin Ɓoyo

Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. A 1909 Hanns Vischer, Baturen da aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano, a 1921 kuma aka kafa Kwalejin Katsina domin horar da malamai. Sannu a hankali makarantun elementare suka bazu a manyan garuruwan lardin Sakkwato a ƙarƙashin En'e. Yaro kan yi shekara huɗu a elementare, idan ya yi ƙoƙari a wuce da shi Midil ta Sakkwato.

Matsalar ita ce hanyar da aka bi wajen samo ɗalibai. Umarni kan fito daga En'e zuwa ga uban ƙasa, shi kuma ya aika wa mai gari cewa ana son yara kaza. Ta wannan hanyar haraji ke zuwa, ta nan jangali ke zuwa, ta nan aikin tilas ke zuwa. To, yaya talaka zai yi zaton alheri ne ya biyo ta? Ga tsoron kada a juya wa yaro addini, tunda waɗanda suka yaƙi Sarkin Musulmi su ne suka zo da abin. Ga kuma asarar hannu guda a gona da kiwo. Da zarar an hango dogari ya nufo gari, sai a tura yara daji, wasu a cusa su cikin rumbu, wasu a haɗa su da malami ya tafi da su gabas. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya sha ba mu labarin yadda kakarmu ta ɓoye shi kwana biyu cikin rumbun gero, tana miƙa masa fura ta sama.

Waɗanda aka fi kamawa su ne marayu, da 'ya'yan barori, da 'ya'yan waɗanda ba su ga maciji da mai gari. Uwa ta raka ɗanta da kuka kamar an yi mata mutuwa. Amma masu iya magana sun ce wani hani ga Allah baiwa ne. Da yawa daga cikin yaran nan da aka kai don mugunta, su ne suka dawo malaman asibiti da malaman gona da akawuna, waɗanda aka ɓoye suna durƙusa musu.

Lokacin da Ido Ya Buɗe

Jirgin ƙasa ya iso Gusau daga Zariya a 1927, ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Da shi kamfanonin auduga da na gyaɗa suka cika gari, tare da ma'aikata 'yan Kudu waɗanda 'ya'yansu ke karatu a makarantun mishan na Sabon Gari. Manomi ya fara lura cewa mai riƙe da alƙalami a fuloti shi ke faɗin nauyin audugarsa, shi ke faɗin kuɗinta. Ya kuma ga 'yan boko na gida waɗanda ba su bar salla ba. Sardauna Ahmadu Bello, jikan Shehu kuma tsohon malamin Midil ta Sakkwato, ya zauna a Gusau daga 1938 yana kula da gabashin lardi. Malam Aminu Kano ya koyar a makarantar horon malamai ta Maru, maƙwabciyar Bunguɗu, kafin ya ajiye aiki a 1950. A farkon shekarun 1950 kuma aka shiga Yaƙi da Jahilci, magidanta da kansu suka zauna ajin yamma suna haɗa baƙi da wasali, ana karanta musu Gaskiya Ta Fi Kwabo a dandali.

A nan ne labarin gidanmu ya juya. Wata shekara mahaifina ya kai auduga, aka ba shi takarda da kuɗi. Sai da ya dawo gida wani ɗan makaranta ya karanta masa takardar, ya gane cewa abin da aka rubuta ya fi abin da aka danƙa masa. A 1964 shi da kansa, wanda aka ɓoye a rumbu, ya riƙe hannuna har gaban hedimasta ya ce, "Malam, ga yaron ga na kawo maka. Ban ce ka mayar mini da shi Bature ba. So nake kada a ƙara karanta mini takardata a bayan idona." Sharaɗinsa guda ne, boko da safe, allo da yamma.

Iyayen wancan lokaci sun ɗauki makaranta tasu. Da aikin gayya ake yaɓen azuzuwa kafin damina, da shi ake gina wa baƙon malami ɗaki. Da kaka a kai wa malam dami, shi kuma ya rubuta wa mutanen gari wasiƙa, ya karanta musu wadda ta zo. Yaron da ya yi fashi, kafin azahar maganarsa ta kai ƙofar mai gari. A 1967 Alhaji Shehu Shagari, shi ma tsohon malamin makaranta, ya riƙe sakataren asusun raya ilimi na lardin Sakkwato, wanda da gudummawar jama'a aka gina makarantu da dama. Sai dai dole a faɗi gaskiya, rabon 'ya'ya mata ya kasance kaɗan ƙwarai. Duk da an buɗe makarantar horar da mata a Sakkwato tun 1939, a ajinmu ana ƙirga 'yan mata da yatsun hannu guda, su ma kafin a kai aji biyar an ɗaura wa mafi yawansu aure.

Shekarar UPE

A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. A wannan shekara na fito daga kwalejin horon malamai na fara aiki, kuma ba zan manta da ranar ɗaukar yara ba. Babu dogari, babu ɗan doka, amma fili ya cika maƙil da iyaye, kowa riƙe da ɗansa. Da yake babu takardar haihuwa, sai mu ce yaro ya ɗora hannu ta saman kansa ya taɓo kunne. Wanda ya taɓo an ɗauke shi, wanda ya kasa sai baɗi. Na ga uba yana jan hannun ɗansa da ƙarfi don ya kai kunnen. A faɗin Nijeriya an yi lissafin yara miliyan 2.3 ne za su shiga aji ɗaya, sai ga sama da miliyan 3.

Alherin UPE ba ya ɓoyuwa, domin da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla 'ya'yanta ne, kuma ita ta kai makaranta ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba. Amma ta zo da gaggawa. Azuzuwa suka kasa, aka koma gindin itace da rumfunan zana. Malamai suka kasa, aka ɗauki masu gajeren horo, har da waɗanda firamare kawai suka gama.

Akwai kuma wata asara da ba mu lura da ita ba sai daga baya. Kalmar "kyauta" ta koya wa iyaye cewa makaranta ta gwamnati ce. Littafi kyauta, alli kyauta, gini na ɗan kwangila. Aikin gayya ya mutu, domin wa zai yi wa gwamnati yaɓe? A shekarar dai aka yi gyaran ƙananan hukumomi, ikon da uban ƙasa da mai gari ke da shi a kan makaranta ya ragu. Ke nan cikin shekara guda makaranta ta rasa hannun iyaye, ta kuma rasa idon sarauta.

Shekarun Tsuke Bakin Aljihu

Da farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, a 1986 kuma aka kawo shirin SAP. Jihohi da dama suka maido da kuɗin makaranta ko harajin ilimi. Aka yi ta jifa da firamare daga hannu zuwa hannu: an kafa hukumar firamare ta ƙasa a 1988, an rushe ta a 1991 aka miƙa wa ƙananan hukumomi, an sake maido da ita a 1993. Malamai suka riƙa yin watanni babu albashi, wasu suka koma gona, wasu kasuwa. Iska ta kwashe kwanon aji, a shekara biyu ba a mayar ba. Yara suka koma zama a ƙasa.

A cikin waɗannan shekaru ne, ina hedimasta a wani ƙauye, wani dattijo ya same ni a ofis riƙe da takarda. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, shekara shida yaron ga yana zuwa wurinku. Jiya wasiƙa ta zo daga ɗan'uwana, na ba shi, ya kasa karanta mini. To, mi kuka yi da shekarun nan shida?" Na rasa amsar da zan ba shi, domin muryar mahaifina na ji a bakinsa. Bai yi faɗa ba, bai kai ƙara ba. Mako na zagayowa ya cire ƙannen yaron biyu ya mayar da su kiwo. A rajista muka rubuta cewa iyaye ba su son ilimi. Allah Ya yafe mana wannan rubutu.

Hujjar da ke nuna ba ilimi suka ƙi ba tana nan a fili. A daidai waɗannan shekaru makarantun Islamiyya suka bunƙasa a Gusau da Tsafe da Bunguɗu, masu azuzuwa da benci da rajista da jarrabawa kamar na boko. Iyayen da aka ce sun kasa sayen littafin rubutu su ne suka ba da filaye, suka yi karo-karo, suka biya kuɗin wata, suka kuma cika su da 'ya'ya mata. Dalili kuwa shi ne sun san malaman, suna da ta cewa, kuma da dare yarinya kan karanta wa uwarta abin da ta koyo.

Sabuwar Jiha, Sabon Shiri

Ranar 1 ga Oktoba, 1996 aka ƙirƙiro Jihar Zamfara da hedikwata a Gusau. Ranar 30 ga Satumba, 1999 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, dokarsa ta fito a 2004, ta wajabta karatun shekara tara kyauta. An gina azuzuwa, an yi fenti, an kawo kujeru. Daga baya aka kafa kwamitocin kula da makarantu da suka haɗa iyaye da malamai da masu unguwanni, shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF kuma ya ƙarfafa ƙungiyoyin iyaye mata masu bi gida-gida suna maido da 'yan talla aji. Inda waɗannan kwamitoci suka tsaya da gaske, an ga canji.

Amma a wannan zamanin ne mu 'yan boko muka yi wa makarantar gari babbar illa. Da Gusau ta zama babban birnin jiha, makarantun kuɗi suka yawaita, ma'aikaci da ɗan kasuwa da ɗan siyasa kowa ya kwashe 'ya'yansa ya kai can. A zamaninmu ɗan uban ƙasa da ɗan mahauci benci guda suke zama, don haka idan malam ya yi fashi, fada ta ji. Da masu murya suka fice, sai aka bar makarantar ga waɗanda ba su san ƙofar ofishin sakataren ilimi ba. Ban cire kaina ba, domin jikokin da ke gidana ma ba firamaren da na shugabanta aka kai su ba.

Zamanin Tsoro

Sai kuma ga jarrabawar da ta fi duk na baya, wato ta 'yan bindiga. Ranar 26 ga Fabrairu, 2021 aka sace 'yan mata 279 daga makarantar sakandaren Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. A farkon Satumba na shekarar aka sake kwashe ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jiha, aka kuma katse layukan waya. A Satumba ta 2023 aka ɗauki ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga masaukinsu a Sabon Gida ta ƙasar Bunguɗu. Ƙauyuka da dama sun watse, malamai sun bar wuraren aikinsu, wasu azuzuwan sun zama masaukin 'yan gudun hijira. A ƙarshen 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi.

Kakanninmu sun ɓoye 'ya'yansu don kada a kai su makaranta. Jikokinsu kuwa sun wayi gari suna son makarantar, amma suna tsoron hanyarta. Duk da haka na ga matan da aka kashe wa maza, sun baro ƙauye da tabarma da tukunya, amma da suka sami inda za su raɓa a cikin gari, tambayarsu ta farko bayan abinci ita ce inda za a sa yara makaranta. Wanda ya ga wannan ba zai ƙara cewa talakan Zamfara ba ya son ilimi ba.

Kammalawa

Ya ku 'yan uwa mambobin wannan ƙungiya, tsaro da albashi da ɗaukar ƙwararrun malamai nauyin gwamnati ne, kuma wajibi ne mu ci gaba da tuna mata. Amma tarihin da muka bi ya nuna cewa makaranta ba ta taɓa tsayuwa da ƙafafunta ba sai lokacin da mutanen gari suka ɗauke ta tasu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Don haka nake roƙon abubuwa huɗu.

Na farko, kowane ɗayanmu ya ziyarci firamaren da ta yaye shi ko da sau ɗaya ne a zango, ya shiga aji ya zauna, ya ga abin da ake ciki. Na biyu, masu ilimi da masu faɗa a ji daga cikinmu su shiga kwamitocin kula da makarantun unguwanninsu, ko da 'ya'yansu ba a can suke ba. Na uku, ƙungiya ta ware wani kaso na kuɗinta na shekara domin rufin azuzuwa, da ruwan sha, da makewayin 'yan mata, da littattafan marayun da rashin tsaro ya bar mana. Na huɗu, wanda ya fi kwanta mini a rai, a sa rana guda a ƙarshen kowace shekara da za a tara iyaye maza da mata, kowane ɗan aji uku ya tashi ya karanta shafi guda na Hausa a gabansu, kamar yadda ake taruwa ranar sauka. Wannan ba ya cin ko kwabo, amma zai nuna wa uba abin da aka yi da shekarun ɗansa tun da sauran lokacin gyara, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Dattijon da ya same ni da wasiƙa ya daɗe da rasuwa, ban kuwa ba shi amsa ba. Jikokinsa suna nan a azuzuwanmu, su ne za mu iya ba amsar.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, Ya zaunar da Jihar Zamfara da Nijeriya lafiya, Ya kuma yi wa zuriyarmu albarka. Amin.